Baƙon da Ba a Ce Masa Zauna Ba

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama, ba mai yawan magana ba ne. Yana iya wuni a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, can ƙauyenmu na kusa da Madawa, bai ce uffan ba in ban da amsa sallama. Amma akwai labari guda da in ya ɗauko shi bayan sallar isha'i, tuwo kan huce a akushi ba wanda ya kula. Labarin wani fim ɗin kaboyi ne da ya kalla a silima a nan Kumasi, zamanin yana saurayi yana ɗaukar huhun goro a gidan wani babban dillali. Baba ba ya jin Turanci, bai kuma riƙe sunan fim ɗin ba. Jarumin ma shi ya raɗa masa suna da kansa, yana ce masa Mai Rigar Fata.

Ga yadda yake ba mu shi. Wani baƙo ne ya gangaro daga kan duwatsu bisa doki, ya tsaya a gidan wani manomi ya roƙi ruwa. Aka ba shi ruwa, aka ba shi abinci. Da ya ƙoshi bai tsaya dogon godiya ba, sai ya ɗauki gatari ya nufi wani ƙaton kututture da ya gagari maigidan a tsakar gida. Maigida ya ɗauko nasa gatarin, suka taru a kansa har suka tumɓuke shi. A nan Baba kan dakata ya dube mu ya ce, "Kun ji yadda ɗan halak ke biyan tuwo." Daga nan sai faɗa da wani attajiri mai shanu da ke son korar manoma, sai harbe-harbe, sai Mai Rigar Fata ya gama da miyagu. Ya hau dokinsa zai tafi, yaron gidan ya bi shi yana kira. Ya yi nisa, ya yi nisa, har ya kusa ɓacewa. Sai ya ja linzami. Ya juyo.

Wurin nan ne muke jira kullum. Baba ya ce manoman suka taru suka yanka masa gona a bakin rafi, suka yi gayya suka gina masa ɗaki, suka nema masa mata. Ya rataye bindigarsa ya tsufa a cikinsu, har unguwar ta ci sunansa. Da wannan ƙarshen muka girma, ni da ƙannena. Ranar da zan bar gida in biyo motar albasa zuwa Gana, ban ɓoye muku ba, labarin nan yana cikin abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. Na ɗauka haka duniya take: in ka sare wa mutane kututturensu, za su ce maka zauna.

Yau shekarata 19 a Kumasi ina sayar da albasar Galmi. Matata na nan tare da ni a Aboabo, 'ya'yanmu uku duk a nan aka yanke musu cibiya. Babban shi ya ci sunan Baba, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekararsa 12, yana jin yaren Tonawa kamar ɗan gida, Turancinsa kuwa ya fi nawa nesa ba kusa ba, don nawa na ciniki ne kawai. Wani dare da aka ɗauke wuta muna zaune a waje, na ce bari in ba su labarin kakansu. Ina cikin maganar kututture sai na ga Abba ya ɗauki wayata yana latse-latse. Na ce, "Kai, ina magana kana wasa?" Ya ce, "Baba, nemo maka shi nake yi." Ban kai ƙarshen labarin ba ya miƙo mini wayar. Ga mutum bisa doki da rigar fata mai geza, ga yaro a gefe, ga duwatsu masu farin kai a bayansu. Sai da gabana ya faɗi.

Sunan fim ɗin Shane, wato Shen, sunan jarumin ke nan. An yi shi a Amurka a 1953. George Stevens ne ya ba da umarni, Alan Ladd ya fito a matsayin baƙon, an kuma ɗauko labarin daga wani littafi na Jack Schaefer da ya fito a 1949. A jihar Wayomin aka ɗauke shi, kusa da duwatsun Teton, kuma kyan hotonsa ya sa ya ci kyautar Oska ta ɗaukar hoto mai launi. Abba ya karanto mini cewa Turawa na lissafa shi cikin manyan finafinan kaboyi. Na ce ai dole, fim ɗin da ya riƙe zuciyar Baba har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai zama na banza ba.

Muka sa ranar Juma'a da dare. Maman Abba ta dafa shayi, ta soya gyaɗa, muka jona waya da talabijin, Abba ya zauna kusa da ni don ya riƙa yi mini tafinta. Rabin awar farko kamar Baba na zaune a bayana yana faɗa. Ga ruwan da aka ba shi, ga yadda ya zabura ya kai hannu ga bindiga da ya ji yaron ya ɗana tasa, ga kututturen. Da na ga su biyun sun sa kafaɗa sun tunkuɗe shi ya kife, sai na ji idona ya kawo ruwa, na yi kamar hayaƙin maganin sauro ne. Ashe daɗin ke nan da zan ji a daren.

Mutanen fim ɗin su suka fara sire mini, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin a kai ƙarshe.

Na fara da maigidan, Jo Staret. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, mai ƙwazo, mai riƙe jama'a. Amma ya tambayi baƙonsa inda ya nufa sau ɗaya, bai samu amsa ba, ya bar maganar ke nan har abada. Abba ya ce a wurinsu wannan girmamawa ce, ba a tona wa mutum abin da ya baro. Na ce to, a wurinsu. Duk wanda ya taɓa sauka a zango da jaka ɗaya ya san abin da maigida na ƙwarai ke fara yi. Zai tambaye ka sunanka, da sunan mahaifinka, da garinku, da wanda ya san ka. Sabon zuwa kan ji haushi ya ɗauka tuhuma ce. Sai ya daɗe zai gane dalili: in ciwo ya kwantar da kai, ko ta Allah ta kasance, a san inda za a aika. Mutumin da ba a tambayi asalinsa ba, ba a yi niyyar ɗaukar nauyinsa ba. Jo ya ba Shen aiki, ya ba shi wurin kwana can wajen dabbobi, ya yi alfahari da shi a gaban maƙwabta, amma da Shen ya mutu a gonarsa bai san ƙofar da zai kai ta'aziyya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da shi kuwa, daren da zai tafi gari ya fuskanci masu bindiga. Ya zaunar da matarsa yana nuna mata cewa ya lura da abin da ke tsakaninta da baƙon, kuma in shi ya mutu ya san akwai mai kula da ita. Abba ya yi ta in-ina wajen fassara wurin, kunya ta kama shi. Maman Abba ta ajiye kofinta ta ce, "Baban Abba, wannan wane irin miji ne? Yana raye yana rabon gadon matarsa?" Ban iya ba ta amsa ba.

Ita matar, Mariyan, maman Abba ce ta yanke mata hukunci ba ni ba. Ta ciyar da baƙo, ta wanke masa rauni ranar da suka yi dambe a mashaya, wannan duk a rubuta mata. Amma tun da wuri ta ja ɗanta gefe ta gargaɗe shi kada ya shaƙu da mutumin nan, don wata rana tafiya zai yi. Wato ta riga ta sallame shi a zuciyarta tun yana cin tuwon gidanta. Ba ta son bindiga, ta faɗa a fili, har da tasa. To amma da ranar ta zo, bindigar nan da take ƙyama ita ce ta tsare mata miji da gona. Da zai tafi ya sa ransa a madadin na mijinta, hannu kawai suka yi. Maman Abba ta ce, "Ko ƙunshin gurasa ba ta ba shi ba. Almajirin da ke yi mini wanke-wanke ma ba ya barin gidan nan haka."

Sauran manoman kuwa, Allah Ya raba mu da irin zumuncinsu. Ranar farko da Shen ya shiga kantin garin sayen kayan aiki, wani yaron mai shanu ya watsa masa giya a riga, ya haɗiye fushinsa ya fita don kada ya jawo wa maigidansa fitina. Da suka taru taro sai suka riƙa yi masa kallon matsoraci. Da ya koma karo na biyu ya rama, 'yan iska suka yi masa taron dangi, cikin duk manoman nan da suka zo gari tare da shi Jo kaɗai ya shiga ya taimake shi. In ya yi haƙuri a ce rago ne, in ya tashi a bar shi shi kaɗai. Wanda ya zauna a kasuwar ƙasar da ba tasa ba ya san wannan awon sarai.

Sai mai shanun, Raika. Shi ne mugun fim ɗin, kuma ya yi mugunta: ya sa an tattake shuka, an ƙona gida, ya yi hayar mai kisa. Amma akwai daren da ya zo gidan Jo ya faɗi nasa. Ya ce su suka riga zuwa, suka sha wuya, har yanzu kafaɗarsa na ciwo saboda kibiyar da aka harbe shi da ita, sai ga mutane sun zo daga baya sun kafa shinge sun tare wa shanunsa hanyar ruwa. Na gyara zama. Mu da muka tashi inda ake rigimar burtali da mashaya duk damina, mun san wannan magana ba ta mahaukaci ba ce. Asalin abin ma tarihi ne. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ke ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara 5, manoma suka kwarara cikin filayen da masu shanu suka saba kiwo ba shinge, har abin ya kai ga zubar da jini a Wayomin a 1892. Na zaci fim ɗin zai tsaya ya auna maganar nan, a samu dattawan da za su zauna a fitar da hanyar ruwa. Ina! An bar shi ya yi magana sau ɗaya don a ce an yi adalci, daga nan aka mayar da shi abin harbi. Masu ƙasar na asali kuwa, waɗanda ake kira jajayen Indiyawa, waɗanda aka kora kafin mai shanu da manomi su samu abin yi wa faɗa, ko fuskar ɗayansu ba a nuna ba. Iyakar rabonsu a fim ɗin kibiyar nan da aka ambata.

Wanda bai yaudare ni ba shi ne Wilsan, ɗan bindigar haya mai baƙar hula, wanda Jack Palance ya fito a matsayinsa. Ba ya ɓoye abin da yake. Yadda ya tsokani wani ɗan ƙaramin manomi mai cika baki har ya kai hannu ga bindiga, sannan ya harbe shi ya faɗa cikin taɓo, sai da ƙaramarmu ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Amma ina kallonsa sai wani tunani ya zo mini da ya hana ni sakat. Shi ma fa baƙo ne. Aiko masa aka yi daga wani gari. Ga baƙo a wannan gefe, ga baƙo a wancan gefe, za su kashe juna a kan ƙasar da ko taki ɗaya babu nasu a ciki. Wanda ya ci da wanda aka ci duk ba mai kwana a kwarin. Masu gona za su koma gonarsu.

To, sai shi gogan, Mai Rigar Fata. Wallahi shi ya fi ba ni haushi, don shi na fi so. Mutum ne mai ladabi, mai kunya, ba ya cin amanar gidan da ya ci abinci. Da ya ga maigidansa zai faɗa tarko, ya hana shi da baki bai hanu ba, suka yi dambe, ya buge shi da bindiga ya sumar da shi, ya tafi a madadinsa. Ya shiga mashayar ya harbe Wilsan, ya harbe Raika, yaron da ya biyo shi a guje tun daga gida ya yi masa ihu ya juya ya harbe ɗan'uwan Raika da ya laɓe a sama. Shi ma harsashi ya same shi. Har nan komai daidai da na Baba. Na ce wa yara, "Ku zuba ido, yanzu za ku gani."

Ya fito ya tarar da yaron. Abba na fassara mini a hankali. Wai dole ya tafi, wai wanda ya yi kisa ba shi da komawa, tambarin ya manne masa. Wai yaron ya je ya gaya wa uwarsa ba sauran bindiga a kwarin, ya kuma kula da iyayensa. Ya hau doki. Yaron na kira. Ya yi nisa. Na matso bakin kujera ina jiran linzami. Ya bi ta cikin maƙabartar da ke kan tudu, hannu ɗaya na reto, ya nufi duwatsu. Yaron na ta kira, duwatsu na mayar masa da muryarsa. Sai rubutu ya fito.

Na ce, "Abba, an yanke. Nemo cikakken." Ya duba ya ce, "Baba, cikakken ke nan, awa biyu ba minti biyu." Na ce, "To akwai kashi na biyu." Ya sake dubawa ya girgiza kai. Ya ce har yau masu kallo na gardama ko ya mutu a kan dokin ko bai mutu ba, kuma wai wannan ƙarshen shi ne abin da aka fi yabo a fim ɗin.

Yabo? An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, sannan an sa kiɗa mai daɗi a kai don mu ce ya yi kyau. Mutum ya zubar da jininsa saboda gonar wasu, ya tafi cikin dare da rauni, ba mai ɗaure masa, ba mai riƙe masa linzami ya ce sauko ka kwana tukuna. A duk kwarin nan mai manya da dattawa, wanda ya buɗe baki ya ce ya dawo yaro ne ƙarami wanda ba shi da ikon ba da ko tabarma. Kuma fim ɗin ya shirya abin yadda ba wanda zai ji kunya: maigida na gida da ciwon dukan da ya sha, matar na jinyarsa, maƙwabta na barci. Baƙon da kansa aka sa ya yanke wa kansa hukuncin kora, don kada a ce wani ya kore shi. Wa ya gaya masa ƙofar tuba ta rufe? Wa ya ce wanda ya tsare rayukan mutane ba shi da wurin zama a cikinsu? Girman kai ne da aka yi wa ado. Da ya sauko ya ce, jama'a ga ni, na gaji da yawo, ku ba ni inda zan kafa bukka, da shi ne namijin duniya a wurina.

Abba ma ya hango abin da ni ban hango ba. Ya ce, "Baba, to wa zai mayar da yaron gida? Dare ne fa, ga gawa uku a ɗakin." Ka ji. Jarumin da ake yabo ya bar ɗan mutane shi kaɗai a bakin mashaya, nesa da gida, don tafiyarsa ta yi kyan kallo.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Haushin fim ɗin daban, tambayar da ke cina daban: me ya sa Baba ya ba mu wani ƙarshe? Na ce ko don ba ya jin Turanci ne. Amma juyowar doki ba ta buƙatar tafinta. Na ce ko ya fita kafin a gama. Da gari ya waye na buga wa baffana, ƙanen Baba, wanda suka yi zaman Kumasi tare. Ya tsufa, sai an ɗaga murya. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, fim ɗin nan na Mai Rigar Fata, kun kalle shi har ƙarshe kuwa?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Har ƙarshe? Sau nawa! Yaya ba ya tashi sai an kunna fitilu." Na ce, "To ai bai juyo ba, Baffa." Ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, mu ma ai ba mu juyo ba."

Na san an kore su daga Gana, kowa a gidanmu ya sani, amma Baba bai taɓa ba mu labarin ranar ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako 2. Mutanen Nijar, da na Najeriya, da na Togo, da na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, aka cika tashoshin mota. Baffa ya ce akwai wani Batone mai gonar goro da Baba ke zuwa ƙauyensu sayen kaya, sun shaƙu har Baba na kwana a gidansa, ya taya shi gina ɗaki, ya goyi 'ya'yansa. Ranar tafiya mutumin ya zo tasha da burodi da 'yan kuɗi a ƙulle, ya riƙe hannun Baba yana hawaye. Baffa ya ce, "Mutumin kirki ne, ba shi da yadda zai yi, doka ce. Amma Yaya ya so ko da baki ne ya ji an ce masa kada ka tafi. Har mota ta tashi yana leƙe." Ban kawo wannan don in zargi mutanen da nake zaune lafiya a cikinsu ba. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan korar, su ma suka cika iyaka da jakunkunansu. Kowace ƙasa na da ranar da take tuna cewa baƙo raɓa ne.

Sai na gane Baba bai manta ƙarshen fim ɗin ba. Gyara shi ya yi. Ya kalli abin da aka yi wa Mai Rigar Fata, daga baya aka yi masa irinsa, ya ga ba abin da zai ba 'ya'yansa ba ne. Ya yanka wa baƙon gona a bakin rafi da bakinsa, tunda ba wanda ya yanka masa. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya fi masu kyamarar Amurka sanin abin da labarin ke bin mai kallo bashi.

Da a nan abin ya tsaya da na ji daɗi, in zauna ina zagin Jo da Mariyan. Amma kwana biyu bayan haka ina shago ina lissafi sai wani yaro ya faɗo mini a rai. Daga wajen Bawku ya zo, ya yi mini aiki kusan shekara 2, yana sauke buhu da rana, yana kwana a rumbun albasa da dare. Wani dare ɓarayi suka zo, ya tare su shi kaɗai, suka sare shi a hannu, amma ko buhu ɗaya ba a ɗauka ba. Na kai shi asibiti, na biya kuɗin ɗinki, na yi ta ba da labarin jarumtarsa a kasuwa. Da ya warke hannun ba ya ɗaukar nauyi kamar da. Ya zo ya ce zai koma gida. Na ƙara masa kuɗin mota, na yi masa addu'a, na ji a raina na yi abin kirki. Ban ce masa zauna ka riƙe mini awo da lissafi ba, alhali aikin ba ya son ƙarfin hannu. Na tsaya ina tuna sunan mahaifinsa. Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Kwana uku ina neman lambarsa wurin direbobin da ke bin hanyar arewa kafin in samu. Da ya ɗauka ya ji muryata sai ya ce, "Maigida, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, hannun fa? Ya ce da sauƙi, yana taya wani sayar da katin waya. Na ce, "Akwai aiki a shago, na zaune, in kana so. Akwai ɗaki kuma, ba rumbu ba." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Kafin mu yi sallama na ce ya gaya mini sunan mahaifinsa da unguwarsu, na rubuta a bayan littafin bashi. Har yanzu da nake wannan rubutu bai ba ni amsa ba, kuma in ya ƙi ba zan ga laifinsa ba.

Fim ɗin kuwa ban sake kallonsa ba, ba na kuma jin zan sake. Duwatsun na da kyau, wurin kututturen ya cancanci a gani, wanda ke so ya kalla da iyalinsa ba abin kunya a ciki in ban da harbe-harbe. Amma ya shirya wa ƙarshen. Jiya da dare ƙaramarmu, wadda barci ya ɗauke kafin a gama, ta hau cinyata ta ce, "Baba, Mai Rigar Fata ya dawo?" Abba ya ɗago kai daga littafinsa yana kallona, yana jira ya ji wanne zan ba ta. Na ce, "Ya yi nisa, ya yi nisa, har ya kusa ɓacewa." Abba ya yi murmushi ya ce, "Sai ya ja linzami."